Amanar Da Ba Ta Da Mai Gadi

Masu iya magana sun ce ba a ba kura ajiyar nama, kuma kowa ya san abin da aka bari a fili babu kulle babu mai gadi, kwanansa ya ƙare. To amma akwai wani wasa da ake yi a ƙasashen duniya wanda ya ginu kacokan a kan barin kaya a fili, ga shi kuwa ya haura shekara 20 bai mutu ba. Da shi muke so mu yi wa kanmu wata tsohuwar tambaya: me ke hana mutum cin amanar wanda bai sani ba, a inda babu idon da ke ganinsa?

Turawa na kiran wasan geocaching, mu kuwa sai mu ce masa farautar ajiya. Mutum zai sami ɗan akwati mai murfi wanda ruwa ba ya shiga, ya sa ɗan littafin sa hannu da fensir da 'yan kayan kyauta, ya kai shi kogon itace ko ƙarƙashin gada ya ɓoye. Sa'an nan ya sanya lambobin da ke nuna wurin a intanet. Mai nema sai ya bi lambobin da waya ko na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. In ya dace, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da akwatin yadda ya same shi.

Kafin shekarar 2000 gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon da farar hula ke samu, har na'ura kan yi kuskuren kusan mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar, Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, da littattafai da kaset-kaset na bidiyo da gwangwanin wake a ciki, ya kafa ƙa'ida guda: ka ɗauki abu, ka bar abu. A watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin wasan da ajiya 75, zuwa 2017 kuwa sun kai miliyan 3. Al'adar ma ta girmi na'ura, domin tun 1854 wani jagoran matafiya, James Perrott, ya ajiye kwalba a tsaunukan Dartmoor na Ingila don duk wanda ya isa can ya jefa katin sunansa.

To jama'a, mu dubi halin da mai nema yake ciki sa'ad da ya buɗe murfi. Yana shi kaɗai a daji, mai akwatin bai san shi ba, watakila har abada ba za su haɗu ba. Aflatun, masanin nan na Girka, ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe mai ɓatar da mutum daga idon jama'a, aka yi muhawara a kan ko akwai wanda zai ci gaba da gaskiya in ya mallaki irinsa. Mai farautar ajiya kullum da wannan zobe a yatsarsa yake.

Ba ma musun cewa akan sami wanda zai sungume akwatin baki ɗaya. Sai dai wannan ɓarna tasa a fili take, wanda ya zo bayansa zai ba da labari, mai akwati ya sake ajiye wani. Akwai wata cuta da masu wasan suka daɗe suna kuka da ita, wadda ta fi wannan wuyar magani. Ƙa'ida ta ce abin da za ka bari ya kai darajar wanda ka ɗauka ko ya fi shi. Sai wani ya ɗauki tocila ya bar biro, na bayansa ya ɗauki biro ya bar maɓalli, na uku ya ɗauki maɓalli ya bar murfin kwalba. Kowannensu ya bar abu, kowannensu zai rantse bai yi sata ba, kuma bambancin da ya ci bai taka kara ya karya ba. Yau da gobe sai yaron da ya sha tafiya tare da mahaifinsa ya buɗe akwati ya tarar da shara. Wa za mu kama?

A ganinmu dukansu da hannu, domin ma'aunin da suka yi amfani da shi gurgu ne. Kowa ya tambayi kansa, "Wa na cuta?" bai ga kowa a gabansa ba, sai hankalinsa ya kwanta. Tambayar da ta kamace shi ita ce, in duk mai zuwa ya yi yadda na yi, me na ƙarshe zai tarar? Wanda aka cuta yana nan, sai dai bai iso ba tukuna, kuma rashin isowarsa bai rage masa haƙƙi ba.

Wani zai ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wato laifin na wanda ya bar kayansa a daji ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a sa kaya masu tsada. Amma a ranar da aka sa wa kowane akwati mai gadi, wasan ya tashi daga aiki. Mai ajiya ya san kasadar da ya ɗauka, ya kuma yarda ya yi asara jefi-jefi a kan ya ɗauki kowane baƙo a matsayin ɓarawo. Adadin nan na miliyoyi shaida ne cewa zatonsa bai faɗi ƙasa banza ba. Akwai masu tarar da littafi ya jiƙe su sa sabo, akwai masu kwashe sharar da ke kewaye su tafi da ita, ba don za a gan su ba.

A ƙarshe, kada mu raina ɗan littafin nan na sa hannu. Wanda ya buɗe shi zai ga jerin sunayen mutanen da suka riga shi zuwa, kowannensu yana da ikon kashe ajiyar amma ya bar masa ita. Bashi ne ya hau kansa, kuma ba waɗanda suka wuce zai biya ba, mai zuwa zai biya. Haka abin yake ga duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai, ko rijiya ce ko littafin aro. Saboda haka kafin mu mayar da murfi, sai mu duba abin da muka ɗauka, mu kuma duba abin da muka bari.