Laifin Wa, Beyar Ko Masu Gida?

A shekarar 2025 beyar ta kashe mutum 13 a ƙasar Japan, abin da ba su taɓa gani ba tun da suka fara lissafi. Har sojoji aka tura yankin Akita a watan Nuwamba su taya kafa tarko. Ga wanda bai san ta ba, ƙatuwar dabba ce mai gashi da farata, babu irinta a dajinmu. Larabawa dubbu suke ce mata.

Me ya fito da ita? Yunwa. Kafin sanyi takan cika ciki da ƙwayar itatuwan daji, sannan ta shige rami ta yi barcin watanni, a shekarar kuwa itatuwan ba su yi 'ya'ya sosai ba. Amma ai yunwa ba yau ta fara ba. Ƙauyukan ne suka canza. Samari sun tafi birni, maharba sun tsufa, gonaki sun koma saura, ciyawa har bakin ƙofa. Akwai wani itace dangin kanya da suke shukawa a gida, yanzu sai ya nuna ba mai tsinka, beyar ta biyo ƙamshi. Wa za ta tarar? Tsohuwa ita kaɗai.

To, laifin wa? A karatunmu dai dabba ba mukallafa ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun halatta kashe naman dajin da ke afka wa mutane, ko da mutum ya ɗaura harami, amma don tsare rai ne, ba wai ta yi zunubi ba.

Saura mutum ke nan, nan kuwa bakinmu ya yi nauyi. Ba wuya mu zauna a rumfa mu ce yaran Japan sun yar da iyayensu. Mu fa? Neman halal ya kawo mu Kudu, ba mai cewa haramun ne, kuma duk wata muna aike, Allah shaida. Sai dai kuɗi ba ya kwana a zaure, ba ya jin motsi da tsakar dare. Abin da ke fitowa daga namu dajin ma ƙafa biyu gare shi, da bindiga, shi kam hisabi na jiransa.

Wasunmu sun aika mota har sau biyu a ɗauko Inna, ta ce ita ba inda za ta, a garin aka binne maigidanta. Motar ta dawo da buhun gero da ƙullin daddawa.