Agogon Atom Da Lokutan Ibada

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya dare da rana. Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai agogon hannu da ake kira na atom, ana cewa ba ya kuskure. To, a sani, agogon atom na ainihi yana ɗakunan bincike, inda tun 1967 ake auna sakan ɗaya da kaɗawar sinadarin siziyam sau 9,192,631,770. Na hannu saƙon rediyo kurum yake kamawa ya daidaita kansa. Tashar Jamus da ke kusa da Frankfurt saƙonta kamar kilomita 2,000 yake kaiwa, ba ya isowa ƙasar Hausa. A nan, shi da sauran agogon batir duk ɗaya ne.

Saboda haka wajibi ne mai sayarwa ya bayyana wannan, domin ɓoye shi algus ne. Mai saye kuma ya tuna, Shari'a ta rataya Azahar ga gushewar rana, Magariba da buɗa-baki ga faɗuwarta, Asuba ga ketowar alfijir. Wanda ya sha ruwa rana ba ta faɗi ba, sai ya rama azumin, kome tsadar agogonsa.

Allah ya sa mu dace, amin.