Wa Ke Jinyar Mai Jinya?

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka shigo dubiya mai jinya ake fara gaisarwa, amma ba lafiyarsa ake tambaya ba. "Ya mai jiki?" Shi kuwa ya amsa, "Da sauƙi." Na daɗe ina ba da wannan amsa a gidanmu da ke Maigatari kafin na tambayi kaina: shin mai jinya yana da haƙƙi a kan kansa, ko kuwa duk hutun da ya yi sata ce daga rabon majinyacinsa?

Yayata ce ba lafiya. Da farko haki take yi in ta ɗauki bokitin ruwa, daga baya ko sujada sai ta huta. An sha auna jininta a dantse ana cewa lafiya lau. Sai da muka dangana da Kano aka yi hoton zuciya, likita ya ce hawan jinin jijiyoyin huhu ne. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu sun ƙuntata, sun yi tauri, saboda haka ɓangaren dama na zuciya yake turawa da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa. Tun yana kauri yana jurewa, har ya gaji. Cutar ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta da magani da rage gishiri da guje wa wahala.

Abincin sayarwa nake yi, kuma cinikin Alhamis, ranar da fataken dabbobi daga Nijar da kudancin Najeriya ke cika kasuwarmu, shi ke sayen maganin. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, kasuwa ta ja baya, kuɗin magani kuwa bai ja ba. Na ninka aiki, na rage ci. Da dare in tokare ta da matasai, in zauna ina ƙirga numfashinta. Duk wanda ya ce zai karɓe ni, sai in ce ba komai.

Wata Alhamis cikin zafin bazara na yanke jiki na faɗi a bakin murhu. Sanyin ruwa ne ya farkar da ni. Yaya ce ta rarrafo daga ɗaki da moɗa a hannu, leɓɓanta sun yi duhu, numfashinta na sarƙewa. Wannan rarrafen ya kwantar da ita a asibiti kwana biyu. Da ta samu kanta sai ta ce, "Auta, in kin kashe kanki saboda ni, kyauta kika ba ni ko bashi kika ɗora mini?"

Na san abin da mai ja zai ce. An raine mu a kan cewa fifita wani bisa kai shi ne ƙololuwar mutunci, kuma da wannan hali aka yabi mutanen Madina da suka karɓi masu hijira. Gaskiya ne. Sai dai mutum yana kyauta ne da abin da ya mallaka. Lafiyar mai jinya kuwa ba tasa ce shi kaɗai ba. Majinyacin ma ya jingina da ita. Wanda ya ƙarar da ita yau, rabon gobe na majinyacinsa ya cinye. Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare, ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Idan ibada ba ta halatta wa mutum tauye kansa ba, ina ga jinya?

Zuciyar kanta haka aka tsara ta. Jijiyoyin farko da ke reshe daga babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ita zuciyar suke ciyarwa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan son kai.

Akwai kuma abin da ya fi mini ɗaci. Da na bincika "ba komai" ɗin da nake faɗa, na tarar ba ƙauna ce zalla ba. Akwai kunyar a ce na gaza, akwai jin daɗin a ce babu kamata. Da haka na hana dangi ladan zumunci, na bar Yaya da igiya ɗaya tak a bakin rijiya.

Yanzu mun raba kwana, ni da Gwaggo da matar ƙaninmu. Ba zan ce zuciyata ta daina zargina ba. Daren hutuna nakan farka ina kasa kunne. Amma na gane ba kowane zargin zuciya ne shaidar laifi ba. Kuma in na je dubiya, bayan na tambayi mai jiki, nakan juya ga wadda ke zaune a gefen tabarma in ce, "Ke fa, yaushe rabonki da barci?"