Wanda Ya Karye da Wanda Ya Ci Amana

A Kutama, kamar sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, mun saba damƙa kuɗi a hannun ɗan kasuwa mai sayen hatsi ya kai Dawanau, ba takarda, ba shaida, sai yarda. Ranar da kuɗin suka salwanta, suna ɗaya muke ba shi: ɓarawo. Lauyan da ya tsaya masa a kotu kuwa, mu ce mai kare ɓarayi ne. Shin mun yi adalci?

Mutum biyu muke haɗawa a suna ɗaya. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, mutanen kirki suka wayi gari da bashin da ba su da halin biya. A watan Disamba na shekarar MMM ta rufe asusun jama'a, haka CBEX ta yi a watan Afrilu na 2025. Ɗan kasuwar da wuta ta ci kayansa ya karye ne. Masu waɗancan manhajoji kuwa tun farko babu cinikin da suke yi, lambobi ne kawai suke nunawa a fuskar waya, suna biyan tsohon shiga da kuɗin sabon shiga.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabewa. Wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, alƙali zai sayar da abin da ya rage, ya raba wa masu bin sa gwargwadon haƙƙin kowa, ya bar masa sutura da abin ci. Wanda ya tabbata ba shi da komai, a saurara masa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta buɗe ƙofar sasantawa domin a ceto kamfani kafin a rushe shi, ita kuma dokar hannun jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin tsarin MMM.

Wahalar tana wajen mutum na uku, kuma shi ya fi yawa. Ya fara da gaskiya, ya faɗi, kunya ta hana shi faɗa, sai ya karɓi kuɗin wannan ya toshe bakin wancan. A ganinmu, asarar ba laifi ba ce. Laifin ya fara ne ranar da ya san jari ya ƙare, amma ya miƙa hannu ya karɓi wani.

A nan ake gane lauya. In ya nemi a saurari wanda ya karye kafin a yanke masa hukunci, aikin alheri ya yi, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa. In ya tsaya a raba ragowar dukiya da lissafi, ya taimaki bazawarar da ta zuba kuɗin gadon marayunta, wadda in an bar kowa ya ƙwaci nasa, masu ƙarfi za su riga ta. Amma in ya koya masa mayar da gida da sunan matarsa kafin ranar shari'a, ya shiga cikin cin amanar.

Mu ma da namu nauyin. Muddin muna yi wa wanda ya faɗi kallon ɓarawo, za mu ci gaba da tura shi ya ɓoye asara har ta zama zamba. Da ya san zai iya tara mu ya ce jari ya karye ba tare da an tozarta shi ba, da tun rabin kuɗinmu na nan zai faɗa.