Zaƙin da Ke Ɓoye Ƙarfi

A ƙasar Beljiyam akwai giyar da ake kira Kriek. Akan jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami cikin giyar sha'ir da alkama har watanni, sai ta fito ja wur. A Amurka kuwa, tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan wata doka a 1978, an halatta wa mutane su dafa giya a gida, waɗansu suna zuba mata 'ya'yan itatuwa iri iri.

Doka ta yarda, amma da sauran magana. Yisti yakan cinye sukarin 'ya'yan itacen ya mai da shi barasa, ƙanshinsu kuwa ya rage, ya rufe ɗacin da ke yi wa harshe kashedi. Yaro zai ga kwalbar ya zaci zoɓo ne. Baƙo zai sha kofi uku kafin ƙafarsa ta faɗa masa gaskiya.

Wani zai ce kowane mashayi da alhakin kansa. Haka ne, amma wanda bai san abin da aka miƙa masa ba, ina ya yi zaɓi? Mai dafawa ne ya san abin da ke cikin tukunya, saboda haka nauyinsa ya fi. A Romawa sura 14 Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi kada 'yancinsu ya sa ɗan'uwa tuntuɓe.

Lalle ne mai dafawa ya faɗi ƙarfin abin shansa, ya nisanta shi daga yara, kada kuma ya matsa wa wanda ya daina sha. In ba zai iya ba, gara ya ba baƙonsa 'ya'yan itacen yadda Allah ya halicce su.