Igiyar Taguwa a Ɗakin Saba

Aikina shirya saba ne, manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke zaune a kansu. Da can da hannu muke saita su, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu umarni nake rubutawa a fayil guda, manhajar Ansible ta aiwatar da shi kan saba talatin kafin shayina ya huce. Na'ura ba ta musu, ba ta tambaya. Ranar da na rubuta lambar ƙofa ba daidai ba, duka talatin ɗin suka toshe hanyar shiga lokaci guda.

Tun daga nan ba na sakin umarni sai manhajar ansible-lint ta tace shi, na gwada shi a yanayin dubawa wanda ba ya canza komai, sannan na fara da saba ɗaya tak. Wani abokin aikina ya ce, "Malam, wannan ai waswasi ne. Ina tawakkalinka?" Tambayar ta kwana a raina.

Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta kuma ya dogara ga Allah. Gwaji shi ne igiyata. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya tafka asarar sama da dala miliyan 400 cikin minti 45, domin sabuwar manhaja ta shiga saba bakwai cikin takwas, kuma ba wanda ya bi bayan ma'aikacin da ya saka ta ya duba. Dukiyar mutane amana ce, wanda bai ɗaure ba ya yi sakaci.

Amma igiya ma tana tsinkewa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Akwai manhajar da aka tanada don ta tare umarni mai kuskure, sai ga shi ita ma tana ɗauke da nata kuskuren. To wa zai duba mai dubawa? Duk gwajin da na rubuta, iyakarsa abin da hankalina ya hango.

A nan tawakkali yake da mazauni. Mai waswasi yana son tabbacin da ba a ba ɗan Adam ba, mai sakaci kuwa yana jingina wa ƙaddara aikin da ya ƙi yi. Ɗan'uwa, yi gwajinka har iyakar saninka, ka nemi wani ya duba maka, sannan ka ce bismillah ka saki umarnin.