Dillalin Beli da Farashin Amana

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta muna da wani hali: kowace matsala aka kawo mana sai mu mai da ita lissafi, mu ga wace hanya ce ta fi arha, mu ce ita ce daidai. Akwai wata matsala da dubban iyalai ke fuskanta kullum a Amurka, wadda lissafinta bai fi layi biyu ba, amma amsar da yake bayarwa ba ta isar wanda abin ya shafa.

Mu ɗauka an kama ɗan'uwanmu, alƙali ya yanke belinsa dala 10,000. Hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko, mu kai wa kotu kuɗin cif. Idan ya riƙa halartar zaman shari'a har ta ƙare, za a mayar mana da kuɗinmu, ko an same shi da laifi ko ba a same shi ba, sai dai a wasu wuraren akan cire kuɗin hidima ko tara. Ta biyu, mu tafi wurin dillalin beli, ɗan kasuwar da sana'arsa tsaya wa waɗanda ake tuhuma. Shi zai ɗaukar wa kotu alkawarin dukan kuɗin, mu kuma mu ba shi ladansa, wanda yawanci kashi 10 ne cikin 100, wato dala 1,000. Wannan ladan ba ya dawowa, ko da gobe aka gano kamun kuskure ne aka sallami mutumin.

A lissafi hanyar farko ce ta fi. Wanda ya biya kotu ajiya ya yi, wanda ya biya dillali kuwa ya yi asara. In shari'ar ta ƙare cikin wata uku, ladan dillalin daidai yake da ruwan kashi 40 cikin 100 a shekara. Sai dai mutum ba ya ajiye abin da ba shi da shi. Mai dala 10,000 a banki yana fitar da ɗansa ba tare da ya rasa komai ba, marar su kuwa sai ya yi asarar dala 1,000, ko ya bar nasa a tsare. Tuhuma ɗaya ce, alƙali ɗaya, amma talaka ne ya fi biya.

Wannan sana'a baƙuwa ce a yawancin duniya. Amurka da Filifin ne aka fi sani da ita. A Amurkar ma jihohi irin su Kentucky da Oregon da Wisconsin sun hana ta, Illinois kuwa a watan Satumba na 2023 ta soke belin kuɗi ɗungurum. Kundin tsarin mulkin ƙasar tun 1791 ya hana tsawwala beli, amma abin da bai tsawwala ga wani ba ya fi ƙarfin wani. A watan Yuli na 2015 aka kama Sandra Bland a jihar Texas bayan ɗan sanda ya tsayar da motarta. An yanke belinta dala 5,000, abin da dillali zai karɓa kimanin dala 500 ke nan. Kafin kuɗin su isa, a kwana na uku aka tsinci gawarta a ɗakin da ake tsare da ita. Duk wanda ya san irin wannan labari ba zai zargi iyalin da suka ruga wurin dillali da gaggawa ba, domin kwana ɗaya a tsare na iya cin aikin mutum, ko hayar gidansa, ko lafiyarsa.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne tambayar da ke ƙarƙashin lissafin: mene ne ainihin abin da dillalin ke sayarwa? Da farko mun zaci ɗaukar kasada yake sayarwa, wato idan wanda ake tuhuma ya gudu, shi zai yi asara. Amma yawanci dillali ba ya tsayawa sai wani daga cikin dangi ya sa hannu cewa shi zai biya in abin ya lalace, wani lokaci har da jinginar mota ko gida. Idan mutumin ya ƙi zuwa kotu, dillali na iya tura masu farautarsa su kamo shi, sannan ya juyo kan wanda ya sa hannu ya nemi kuɗinsa. Ke nan kasadar tana nan a wuyan iyali, ko wace hanya suka bi. Abin da dala 1,000 ta saya shi ne lokaci: ɗan'uwa ya kwana gida yau maimakon ranar da za a gama tara dubu goma.

A wurinmu beli ba baƙon abu ba ne, amma siffarsa daban take. Idan an kama mutum, wani dattijo ne ko ɗan'uwa ke zuwa ya tsaya masa, ya ce na san shi, in ya gudu a nemo ni. Abin da ya ajiye sunansa ne da mutuncinsa. Mun san cewa a aikace ana karɓar na goro ko da an rubuta a bango cewa beli kyauta ne, kuma ba mu wanke kanmu daga wannan ba. Amma asalin al'adar sanayya ce. Mafi yawan malaman fiƙihu na da ma sun hana karɓar lada a kan lamunin bashi, suna ganin taimako ne da ake yi domin alheri. Dillalin beli kuwa yana tsaya wa wanda bai taɓa gani ba, shi ya sa dole ya nemi wanda ya san shi ya tsaya a bayansa.

To idan mu ne a wannan hali, me ya kamata mu yi? A ganinmu, wanda zai iya biyan kotu ba tare da ya tsiyata gidansa ba, ya biya, domin kuɗinsa za su dawo. Amma ya tuna shari'a na iya kai shekara, kuɗin na kulle, ga kuma lauya da shi ma yake jiran nasa. Wanda zai kwashe kuɗin abincin yara da na haya don ya guje wa ladan dillali ya ɗora wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba nauyin tuhumar wani. A irin wannan hali zuwa wurin dillali ba abin kunya ba ne. In akwai abin kunya, yana kan tsarin da ya sa 'yancin wanda ba a yanke wa hukunci ba ya dogara da abin da ke aljihun danginsa.

Tambaya ɗaya ce ba a guje mata ta kowace hanya, kuma ita ce ya kamata ta riga lissafi: mun yarda wannan mutumin zai koma kotu? Idan mun yarda, sauran magana ta kuɗi ce, kowa ya yi gwargwadon ƙarfinsa. Idan kuwa zuciyarmu na rawa, ladan dillali ba zai kare mu ba, domin sa hannunmu na nan a takardarsa. Wanda zai sa hannu ya zauna da ɗan'uwan nasa, ko ta waya ce daga inda ake tsare da shi, ya faɗa masa a fili abin da aka jinginar saboda shi, motar ce ko gidan da mahaifiyarsu ke ciki, ya ji amsarsa kafin ya ɗauki biro.